Rewaya ya ce birenbos ɗin Corolla ta ya mutu: in saya ko in dakata?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Ina neman shawara kafin in yi ɓarnar kuɗi. Motata Corolla ce 2006, 'yar Amurka, otomatik, shekara huɗu ke nan tana hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Kusan wata biyu yanzu ta ɗauko wani hali: ina cikin tafiya sai ta mutu ɗif, kamar an zare makulli. In na gangara gefe na jira minti biyu zuwa biyar sai ta tashi kamar ba ita ba. Ranar Talata ta yi min a tsakiyar shataletale da yara uku a baya, 'yan Keke suna ta zuba min hon. An canja filogi, an wanke nozil, an canja famfon mai, duk a banza. Jiya rewaya ya sa mata na'ura ta fito da lambar matsala P0606, ya ce birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, babu wata magana. Kuɗin da aka gaya min ya haura rabin albashina. Don Allah wanda ya san abin nan ya taimaka.

Direban Kano-Jos: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Malam. Amma ka lura da abu ɗaya: duk rewayan da aiki ya fi ƙarfinsa, birenbos yake ɗora wa laifi. Kamar yadda a da in ciwo ya gagara sai a ce iska ce.

Oga Rewaya: Direba ka fara ko? Mu ne dai kullum abin zagi, amma in mota ta mutu muku a dajin Falgore ƙarfe goman dare lambarmu kuke nema.

Direban Kano-Jos: Oga ban da kai, kai na daban ne. Allah ya bar zumunci.

Ɗan Beljiyam: Ni kuwa a wannan karon ina bayan rewaya. Shekara da shekaru ina shigo da motocin nan, na san tarihinsu. A watan Agusta na 2010 kamfanin Toyota da kansa ya yi kiranyen (wato ya nemi a dawo da su a gyara) Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 masu injin 1ZZ-FE, sama da mota miliyan ɗaya a Arewacin Amurka, kuma saboda birenbos ɗin ne. Dalmar da aka liƙe wasu ƙananan kaya da ita a kan fanel ɗin tana tsagewa, sai mota ta riƙa mutuwa a kan tafiya, ko ta ƙi tashi, ko giya ta riƙa shiga da duka. Wadda aka kai musu sun canja kyauta. Wadda mai ita bai kai ba, haka aka yi gwanjonta aka loda a kwantena ta sauka a Kwatano ko Legas da cutarta. To ga mota 2006, ga mutuwa a hanya, ga P0606. Me kuma ake jira? Malam ka nemi birenbos kawai.

Baban Hanifa: Ikon Allah. Wato tun daga can ta taho da shi. To in haka ne gobe zan shiga kasuwa.

Injiniya Mai Sikana: Malam dakata tukuna. Abin da Alhaji Ɗan Beljiyam ya faɗa game da kiranyen gaskiya ne, ban musa ba. Amma kiranye ya nuna cewa irin motar na iya samun matsalar, bai nuna cewa taka ita ke damunta ba. P0606 ma'anarsa birenbos yana ƙorafin cewa lissafin cikinsa ya rikice. Mutum ma in aka shaƙe masa wuya lissafinsa zai rikice, ba don ƙwaƙwalwarsa ta lalace ba. Birenbos yana rayuwa ne da abu biyu: wuta mai tsabta da ke shigo masa, da wayar at (earth, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota) da ke mayar da ita. In ɗayansu yana yankewa na ƙiftawar ido, zai mutu ya farfaɗo, kuma yana iya rubuta wa kansa wannan lambar.

Ka amsa min waɗannan. In ta mutu ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, fitilar cek, wato ta gargaɗin matsalar inji, tana kamawa ko ba ta kamawa? Ta fi mutuwa a kan gargada ko a shimfiɗaɗɗiyar kwalta? Kuma kafin wata biyun nan, wane aiki aka yi mata na ƙarshe?

Baban Hanifa: Injiniya, fitilar cek ban taɓa lura ba gaskiya, hankalina a tashe yake a lokacin. Gargada kuwa, eh, ta fi yi a hanyar unguwarmu, amma ta yi a kwalta ma. Aiki na ƙarshe shi ne bayan ƙaramar salla ta yi zafi, aka sauke kan injin aka canja gasket.

Injiniya Mai Sikana: To ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Oga Rewaya: Injiniya da girmanka, ku masu laftof kun cika dogon Turanci. Mutum yana da iyali, mota na mutu masa a titi. Ni a gareji abin da nake yi shi ne in samo wani birenbos in jona. In ta daina, shi ne. In ba ta daina ba, a mayar wa mai kaya. Gani ya kori ji.

Na Panteka: A mayar wa wa? Oga ka san dai ƙa'idar kasuwa, kayan wuta in ya fita shago ya fita. Kuma ba zalunci ba ne. Sau nawa ake karɓar mana lafiyayyen birenbos, a je a jona shi a motar da wayarta ke haɗe, ya ƙone, a dawo a ce dama matacce muka bayar? Mu ma da kuɗi muka saro shi daga Ladipo. Shi ya sa nake sa hannu da fenti a kan notinansa, in an buɗe zan gane.

Oga Rewaya: Ni ana ba ni gwaji saboda an san ni.

Na Panteka: Kai aka sani, ba Malam ba.

Hajiya Mai Atamfa: Sannunku da muhawara. Bari in sa baki ko da yake ni ba makanikiya ba ce. RAV4 gare ni ta 2002, shekarun baya ta riƙa fizga in za ta shiga giya ta uku, kamar an daki bayanta. Makanike ya ce giyabos ne, na sayi giyabos sukutum, wata ɗaya bai cika ba sabon ma ya fara. Ashe birenbos ne ke ba giyar umarnin banza. Wani yaro mai gyaran fanel ya buɗe ya sake liƙe shi da dalma, shi ke nan har na sayar da ita ba ta ƙara ba. Ni tawa asarar ta juye ce: an ce ba birenbos ba ne alhali shi ne. Don haka Baban Hanifa kar ka ɗauka kullum ƙarya ake masa.

Ɗan Beljiyam: Hajiya ta kawo hujja. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 an san ta da wannan, har kamfanin ya tsawaita garantin birenbos da giyabos ɗinta a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000. In aka bari ya daɗe yana fizgar nan, giyabos ɗin ma tafiya yake.

Injiniya Mai Sikana: Hajiya labarinki ai nawa yake ƙarfafawa. An canja miki giyabos ba tare da an auna ba. Yanzu za a canja wa Malam birenbos ba tare da an auna ba. Cutar ɗaya ce.

Alhaji, tunda kai ka kawo zancen kiranye, akwai hanyar dubawa kyauta. Malam ka kwafo lambar shasi, harafi da lamba 17 ne, tana jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba daga ƙasa. Ka shiga shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ka zuba ta. In akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba, yawanci zai nuna.

Baban Hanifa: Na duba yanzu da wayar ɗana. Lambar ta fara da 2T1. Ya nuna babu kiranyen da ya rage.

Ɗan Beljiyam: 2T1 haɗin Kanada ce. To da alama mai ita na farko ya kai an canja masa. Amma fa ko sabon da aka sa a 2010 ko 2011 yanzu ya haura shekara goma, a zafin ƙasar nan. Ban janye ba gaba ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan kalkilatar muka ce mishi, abin da Faransawa sunka bar muna. Abin da ni ke so in ƙara, ku yi hankali da wanga zance na a ciro a jona a gwada. Ga tsohuwar mota ana yi. Amma Peugeot 307 da munka yi fama da ita, kalkilatar da akwatin BSI mai kula da wutar jikin mota da makulli aure ɗaya ne, in za ka canja sai ka sayo su ukun daga mota guda. Golf 4 kuma tsaron yana cikin agogon dashbod. Wani abokina ya sayi kalkilatar har biyu yana cewa duka matattu ne, ashe lafiyarsu lau, motar ce ba ta san su ba.

Direban Kano-Jos: Kalkilatar kuma? To in ta lalace sai a sayo ta ɗan kanti mai batir biyu.

Ɗan Maraɗi: Direba, ai gara tamu, ku da kunka ce mota na da ƙwaƙwalwa alhali wasu direbobin ba su da ita.

Admin: Jama'a a ci gaba da raha amma kar a bar Malam a tsaye. Kuma don Allah masu turo tallan fili a daina, nan gidan mota ne.

Baban Hanifa: Jama'a ina kwana. Ku gafarce ni, ban bi shawarar Injiniya ba. Jiya da yamma ta sake mutu min a gaban makarantar su Hanifa, raina ya ɓaci, na wuce kasuwa kai tsaye tare da rewayan. Mai shagon ya fara miƙo wani, na ga lambar ta fara da 89661 kamar nawa amma ƙarshenta daban. Ya ce duk ɗaya ne tunda soket ya shiga. Na ƙi, sai da ya tono mai lamba iri ɗaya sak. Mun ɗaura shi a mazauninsa can bayan akwatin dashbod na gefen fasinja. Yanzu ga sabuwa: motar ba ta tashi kwata-kwata. Kik yana juyawa lafiya, ta ɗan kama ta mutu nan take. A gareji ta kwana. Rewaya ya ce an ba mu matacce, mai shago ya ce mu muka ƙona. Na rasa inda zan sa kaina.

Na Panteka: Ka ji ko. Abin da na faɗa shekaranjiya ke nan.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. An gudu ba a tsira ba. Allah ya mayar da alheri.

Injiniya Mai Sikana: Kwantar da hankalinka Malam, da wuya a ce matacce ne, kuma da wuya a ce kun ƙona. Abu ɗaya ka yi daidai, da ka ƙi karɓar mai wata lambar. Soket ɗin manuwal da na otomatik na iya kama da juna, haka na 2004 mai totur na waya da na 2005 zuwa sama mai totur na lantarki ba aikinsu ɗaya ba. Lambar ce shaida, ba soket ba.

Abin da ya faru shi ne abin da Ɗan Maraɗi ya yi gargaɗi. A cikin kan makullinka akwai ɗan ƙaramin cif. Akwai kuma wani ƙaramin akwatin tsaro daban a cikin dashbod wanda ke karanta shi. In ya gane makullin sai ya gaya wa birenbos ya saki mai da wuta. Su biyun suna da kalmar sirri a tsakaninsu. Sabon birenbos ɗin da kalmar tsohuwar motarsa ya zo, shi ya sa akwatin ya yi magana shi kuma bai amsa ba. In aka sa na'ura yanzu ina kyautata zaton za a ga B2799. A tambayi rewayan.

Baban Hanifa: Na kira shi. Ya ce ƙwarai akwai B2799, shi ya ɗauka shaidar mutuwar birenbos ɗin ce.

Oga Rewaya: Kai! Wannan ba rewaya ba ne, mai ɗaura fitila ne. Irinsu ke ja mana zagi wurin su Direba.

Injiniya Mai Sikana: To ga yadda ake ɗaura musu aure a wannan motar, kuma ba ya buƙatar laftof. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket ɗin da ake jona na'ura, mai rami 16, takwas a sama takwas a ƙasa. Ana haɗa rami na 4 da na 13 da 'yar gajeriyar waya, su ne Toyota ke kira CG da TC. Sai a murɗa makulli fitilu su kama, ba a tayar da injin ba. Za ka ga fitilun dashbod suna ta walƙiya, haka ake so. A bar ta minti 30 cur, gara a ƙara biyu a kan a rage ɗaya. Sannan a kashe, a zare wayar, a tayar.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, batir ya zama cike, a kashe rediyo da fanka da fitilar ciki, in da hali a jona caja, don in wuta ta faɗi a tsakiya an koma farko. Na biyu kuma shi ne babba: rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuma ba shi da nisa da na 13. Soket ɗin a wasu motocin a kife yake, wanda ya ƙirga daga inda bai kamata ba zai iya haɗa wuta da at. Garin neman gira a rasa ido. In rewayanka bai taɓa yi ba, ka nemi wanda ya taɓa, ya haska da tocila ya tabbatar da ramukan kafin ya soka komai.

Autan Gareji: Oga Injiniya don Allah tambaya. Ni yaron gareji ne ina koyo. Wannan dabarar tana yi a kowace Toyota?

Injiniya Mai Sikana: A'a Auta, kar ka ɗauke ta maganin kowace cuta. Tana yi ne a waɗanda akwatin tsaronsu ke daban da birenbos. A wasu tsofaffin, irin su RX300 na farko, bayanin makullin a cikin birenbos ɗin kansa yake, a kan wani cif mai ƙafa takwas, 93C56. Irin wannan sai dai a zo da birenbos da makullinsa tare, ko mai na'ura ya sake rubuta cif ɗin. Sababbi masu maɓallin tayarwa kuma wani karatun ne daban. Kafin ka soka waya a motar mutane ka nemi takardar wayoyin wannan motar takamaimai.

Autan Gareji: Na gode Oga, Allah ya ƙara basira.

Oga Rewaya: Malam in kana Zariya ne turo min saƙo ta gefe, akwai yarona a nan da na koya wa, zai zo ya yi maka. Kuɗin mai kawai za ka ba shi.

Baban Hanifa: Alhamdu lillahi! Jama'a ta tashi! Yaron Oga ya zo da cajarsa, ya kwanta a ƙasan sitiyari da tocila a baki ya ƙirga ramukan sau uku. Muka zauna a kan benci muna kallon agogo, minti talatin ɗin nan kamar shekara. Yana zare waya ya murɗa, ta ɗauka tsaf. Silo ɗinta ya ɗan yi sama da ƙasa da farko sannan ya daidaita. Oga Rewaya, Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Fitilar cek dai tana kunne, yaron ya ce P0630 ne.

Injiniya Mai Sikana: Madalla. P0630 ba abin tsoro ba ne, yana cewa ne ba a rubuta masa lambar shasin motarka ba. Mai Techstream, manhajar Toyota ta laftof, ko babbar na'ura zai rubuta cikin minti kaɗan. Amma ni ban ce an gama ba. Ka bi hanyar unguwarku mai gargada kwana biyu ka dawo mana da labari.

Ɗan Beljiyam: Injiniya ka karɓi ƙaddara kawai, birenbos ne. Malam a sha mai lafiya.

Direban Kano-Jos: Kafin ya dawo bari in yi tambayar da ke raina. Me ke kashe birenbos ne wai? Ni Sharon ɗina sau biyu ana canjawa.

Oga Rewaya: Direba yawanci mu ne da hannunmu. Na farko, cire kan batir mota tana aiki wai a gwada altaneta. A zamanin 504 mai kafireto an yi haka an zauna lafiya, amma a motar lantarki batir shi ke shanye tsallen wuta, kana cire shi altaneta na iya watsa wutar da ta fi ƙarfin fanel. Mita ake sawa: mota na aiki ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5, shi ke nan. In ka ga 16 ko 17 kashe ta, altanetar ce za ta cinye maka komai. Na biyu, mai walda ya kama salansa ko shasi bai cire batir ba, ya kuma maƙala at ɗinsa can nesa da inda yake aiki. Na uku, jona batir a juye da daddare, ko a ɗauko wuta daga babbar mota mai bolt 24. Na huɗu ruwa: masu wankin injin da injin feshi, da masu kutsawa cikin ambaliya da damina. Sai kuma fiyus ya ƙone a naɗa masa waya maimakon a nemi abin da ya ƙona shi. Wannan na ƙarshen har ni na yi a zamanin ƙuruciya, Allah ya yafe mana.

Direban Kano-Jos: To ni na farkon ne. Duk wanda ya duba min caji sai ya cire kan batir, ni kuma ina tsaye ina gyaɗa kai.

Injiniya Mai Sikana: Oga ya gama magana. Ƙari ɗaya: kwal ko nozil da ya haɗe a ciki yana iya ƙona ƙafar da ke ba shi umarni a cikin birenbos. Ka sa sabo ba ka cire mai laifin ba, sabon ma zai bi sahu. Ina zaton abin da ya ci na Direba na biyu ke nan, ko altanetar.

Baban Hanifa: Jama'a. Ta mutu. Yau da safe, a daidai kwalbatin da ta saba. Wannan karon na tuna maganar Injiniya, na murɗa makulli na kalli dashbod: fitilar mai ta kama, ta batir ta kama, fitilar cek babu. Bayan kamar minti uku na sake murɗawa ta kama, motar ta tashi. Kuɗina sun tafi a banza ke nan.

Ɗan Beljiyam: Subhanallahi. To na janye, Injiniya. Birenbos biyu ba za su yi cuta ɗaya a kwalbati ɗaya ba.

Injiniya Mai Sikana: Alhaji ba komai, hujjarka mai ƙarfi ce, motar ce ta zo da nata. Malam, wannan fitilar da ba ta kama ba ta fi duk abin da aka kashe kuɗi a kai amfani. Birenbos ne ke kunna ta. In ba ta kama ba, a wannan lokacin birenbos ba ya samun wuta ko ba ya samun at. Wurare uku za a duba: fiyus ɗin EFI mai ba birenbos wuta da mazauninsa a akwatin fiyus na cikin bonet, rile ɗin EFI, sai wayoyin at da ke ɗaure a jikin injin. Ka ce an sauke kan injin bayan salla. Duk mai sauke shi sai ya kwance waɗannan wayoyin. A Toyota za ka gan su ruwan ƙasa ko fari mai ratsin baƙi, da ɗan zobe a baki, an ɗaure da noti mai lamba 10. A tayar da motar, mutum ɗaya ya riƙa girgiza damin wayoyin da hannu sashe-sashe. Inda ta mutu, nan ne.

Oga Rewaya: Na tura yaron. Na ce masa ya sa mita tsakanin kan batir na at da jikin injin mota tana aiki, sannan tsakanin batir da zoben wayar kanta. In ya ga ya wuce bolt 0.2 akwai magana.

Baban Hanifa: Wallahi jama'a kunya ta ishe ni. Yaron bai yi minti goma ba. Ya tayar da ita, ya zura hannu ta gefen kan injin ya taɓa wasu wayoyi biyu masu ruwan ƙasa, motar ta mutu nan take. Ya sake tayarwa ya sake taɓawa, ta sake mutuwa. Notin da ya riƙe su da yatsa ya kwance shi, ko sifana bai sa ba, ashe tun ranar gasket ɗora shi kawai aka yi ba a ɗaure ba. Ƙasan zoben ya yi baƙi da tsatsa da busasshen mai. Ya goge da sanfefa har ya yi ƙyalli, ya ɗaure tam, ya ce in girgiza da kaina. Na ja na ja, ko gezau. Mun bi ta kan kwalbatin nan sau huɗu da gangan har masu shago suka fara kallonmu. Filogi, nozil, famfon mai, birenbos, ashe noti ɗaya ne.

Hajiya Mai Atamfa: Kar ka ji kunya Baban Hanifa, ni giyabos na saya. Kai naka ma a aljihu zai shiga, nawa sai da aka ɗauko shi a kura.

Ɗan Maraɗi: Barka Malam. Yaron ga a riƙe shi da kyau, a ƙara mishi bisa kuɗin mai.

Baban Hanifa: Na ƙara masa, har ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Ogansa. Yanzu tambayata: birenbos biyu gare ni, kuma ga alama duka lafiyayyu. Wanne zan bari a ciki?

Injiniya Mai Sikana: Ni dai da naka na asali zan mayar. Lambar shasinka na cikinsa, ka san tarihinsa, kuma P0630 zai tafi ba sai ka biya mai laftof ba. Sai dai a sake zaman minti 30 ɗin nan, don yanzu akwatin tsaron da sabon ya saba. A goge lambobin, ka yi sati kana hawa. In P0606 bai dawo ba ka san lafiyarsa ƙalau, sannan ka san yadda za ka yi da ɗayan. Kar ka rabu da shi kafin satin ya cika.

Baban Hanifa: To haka za a yi. Na dai kira mai shagon na gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ban ɓoye ba. Ya ce kuɗi kam ba ya fita, amma in fentinsa na nan a kan noti zai karɓa ya ba ni wasu kayan a madadi, ya cire wani abu.

Na Panteka: Wallahi ya yi maka adalci, ba kowa zai yi ba. Karɓi shokoba na gaba ko kwal, abin da ka san za ka buƙata. Amma kar ka karɓi kwal ba a gwada a motarka a gabanka ba.

Direban Kano-Jos: Ko ka ajiye abinka a gida cikin leda, wata rana za a neme shi ido rufe.

Oga Rewaya: A ajiye rabin albashi a leda? Direba kai da ka ƙona biyu ba kai za ka ba da shawarar ajiya ba.

Autan Gareji: Baba akwai wata Corolla a garejinmu da ruwa ya shiga birenbos ɗinta, mai ita yana nema. In za ka sayar in gaya wa Ogana.

Baban Hanifa: Sai bayan sati, Auta, kamar yadda Injiniya ya ce. Ta wace shekara ce?

Autan Gareji: Ina jin 2004 ce ko 2005.

Injiniya Mai Sikana: Tsakanin waɗannan biyun akwai rata babba. Je ka ɗauko hoton takardar da ke manne a jikin nasu ka turo, mu ga lambar tukuna.